Kwamfutar da Ta Manta Mai Ita

Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwaɗo ba, ko allura ba a ɗauka ba. Shi ya sa da aka aiko kiran Ashafa mai bin sawu da hantsi aka ce an yi sata a gidan marigayi Jumare, ya zo ya tarar da kwamfutar da ake kuka a kanta tana zaune daram a kan tebur, sai ya zaci tsufa ne ya fara taɓa masa kunne.

"To, 'yar nan, me aka sata?"

Mukarrama, babbar 'yar marigayin, mai karatun jinya a Makarfi, ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Idanunta sun kumbura.

"Baba, jikinta kawai aka bar mana. Dubi, ba sunana ba ne a nan, wasu haruffa ne barkatai. Na sa lambar sirrina ta ƙi. Na sake ta ƙi. Na yi ta sawa har ta ce in dakata, wai na cika gwaji. Tawa ce fa, Baba, amma ta manta ni."

Ashafa bai san komai a kan kwamfuta ba, bai kuma taɓa yin ƙaryar ya sani ba. Shanu ya sani, da awaki, da takun mutumin da ya kora su. Amma abin da ke cikin wannan ƙarfen ya san shi, kamar yadda duk Unguwar Jatau, nan gefen Gazara, ta san shi. Bara, da Jumare ya ji jikinsa ya fara ba shi labari, ya kira ƙanensa Maiwada da dattawa biyu suka zagaya iyakar fadamar rake, Mukarrama tana biye tana ɗauka a waya. A bidiyon, Maiwada ya dafa itacen aduruku na iyaka ya ce da bakinsa, daga nan zuwa rafi na Yaya ne, ba ni da komai a ciki. Wayar ta cika, aka juye a kwamfuta, daga baya wayar ta lalace. Dattawan nan ɗaya ya riga Jumare tafiya, ɗaya kuma yanzu ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Shi kuwa Ashafa, aminin Jumare tun suna yara, ran nan yana can wajen Kudan yana bin shanun wani.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba Maiwada ya ce aro ne, fadamar tasa ce tun rabon mahaifinsu. Sati mai zuwa alƙali zai saurari maganar. In babu bidiyon, Zulaihatu da marayunta sun rasa fadamar da suke ci.

Daga bayan labulen da ke tsakanin zaure da cikin gida muryar Zulaihatu ta fito. Tana takaba, ba ta fitowa gaban maza.

"Malam, sannu da zuwa. Ya iyali? Ya ƙoƙari?"

"Alhamdulillahi. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Malam, ka ga yarinyar nan jiya ta tafi kasuwar Makarfi don ta sayo ɗan abin da za ta juye hoton a ciki, saboda tsaro. Kafin ta dawo an gama da mu. Ni ina ciki, ban ji motsi ba. Ba mu da kowa sai Allah sai kai."

Ashafa ya miƙe. Ya ce in sha Allahu, ya fita ya duƙa a ƙofar gida.

Ƙasar wurin mai laushi ce, irin wadda take riƙe sawu kwana da kwanaki. Amma daga bakin zaure har zuwa lungu an share ta da reshe, an share da baya-baya, sannan aka koro awaki suka tattake. Ya daɗe a tsugune. Ɓarayin shanu ma ba kowanne ne ya san a bi shara da awaki ba.

"Wanda ya yi wannan," ya faɗa wa kansa, "ya san yadda nake aiki."

*

Mutanen Unguwar Jatau ba sa jiran bincike. Kafin azahar sun kama ɓarawo, sun yanke masa hukunci, saura kawai a gano ko shi ne.

Bilya mai caji suka kama. Laifinsa biyu: shi kaɗai ne a unguwar yake buɗe cikin waya ya rufe, kuma makon jiya ya gyara wa Mukarrama wayar caji. Samari suka kifar masa da rumfa, suka fasa gilashin sola, wayoyin mutane da ke caji suka warwatse a ƙasa, masu su kuma suna cikin masu dukan. 'Yan sintiri suka ƙwace shi da ƙyar suka kulle a ofishinsu.

Ashafa ya same shi zaune a ƙasa, leɓe a fashe.

"Baba, ka rantsar da ni da Alƙur'ani. Jiya tun safe ina kasuwar Makarfi, rumfata tana gefen masu mazarƙwaila, kowa ya gan ni. Sai bayan magariba na dawo."

"Na ji. Yanzu faɗa mini abin da aka yi wa ƙarfen nan, da Hausar da zan gane."

Bilya ya tofar da jini.

"An mai da ita yadda ta fito daga kamfani. Mu fulashin muke cewa. Kamar ka ƙone gona ƙurmus ka sake huɗa, ba ka barin ko kututture. To amma irin waɗannan na yanzu, in ka goge su, ba sa yarda su tashi sai wani ya ce shi ne sabon mai ita. Sai ya buɗe asusu, ya ba ta lambar waya, ta aika masa saƙo ya tabbatar, sannan ya sa lambar sirrinsa. Shi ya sa ta ƙi Mukarrama. Yanzu a wurinta Mukarrama baƙuwa ce."

"Me ya sa bai bar ta haka ba bayan ya goge?"

"Wataƙila don a ɗauka lalacewa ta yi da kanta. In ta ƙi buɗewa, sai a ce yarinya ce ta manta lambarta."

"A cikin zaure zai yi duk wannan?"

"Ina! Babu sabis ɗin intanet a gidan Jumare, sai na kira da saƙo. Sai dai ya kai ta Tudun Suri."

Tudun Suri shi ne inda duk mai son wayarsa ta kama intanet yake hawa. Ashafa ya je. Sawu ya fi dubu: na samari, na 'yan talla, na tayoyin babur, har na jaki. Ya zagaya, ya sake zagayawa, ya dawo hannu rabbana. Da a ce saniya aka sata da tuni ya san inda ta sha ruwa.

*

Maiwada yana ƙofar gidansa a kan buzu, yana shan rake. Ya yi wa Ashafa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta haihu. Irin mutanen nan ne da in suna murna sai ladabinsu ya ƙaru.

"Na ji abin da ya faru," in ji shi. "Kai, duniya! Kayan Nasara ba amana."

"Jiya kana ina?"

"Hunkuyi. Na je ta'aziyyar surukin Yahuza mai unguwa, a mota ɗaya muka tafi da shi, a mota ɗaya muka dawo. Tambaye shi." Ya tofar da ɓawon rake. "Ashafa, ni da ko saƙon waya sai an karanta mini? Ka ba ni ƙarfen nan yanzu, wallahi ban san ta inda ake buɗe shi ba."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ɓata wa Ashafa rai ke nan. Mai unguwa ya tabbatar da tafiyar. Masu mazarƙwaila kuma da aka kira a waya sun ce Bilya bai motsa daga rumfarsa ba. Mai dalili ba shi da hannu, mai hannu ba shi da dalili.

A hanyar komawa ya haɗu da ɗansa Hamisu a kan babur. Hamisu ya yi karatun kwamfuta a Zariya, ya dawo da takarda, takardar tana cikin leda, shi kuma yana acaɓa. Tun rasuwar Jumare shi ne ɗan aiken gidan: cefane, niƙa, kai yara asibiti. Jiya ma shi ya kai Mukarrama bakin titi.

"Kai, zo mu je ka duba wa ƙanwarka ƙarfen nan. Ba karatunka ba ne?"

"Baba, ina da fasinja zuwa Ikara, yana jira. Ai wannan aikin Bilya ne."

Ya ja babur. Ashafa ya bi ƙurar da kallo, ya ce a ransa yaran yanzu ba su da tausayi, ya wuce.

*

Da la'asar ya sa aka fito da Bilya, ya tsaya masa, suka koma zauren Jumare. Bilya ya ce a hau Tudun Suri da ita. Suka hau su uku da Mukarrama, ta kunna sabis ɗin wayarta ta jona.

"Kada ki ƙara gwada lambarki," in ji Bilya. "Duk gwaji ƙara mata taurin kai yake yi. Duba ƙasa, akwai inda aka rubuta na manta lambar sirri. Danna nan."

Ta danna. Abin ya yi ta juyi, sabis ya ɗauke, ya dawo. Can sai rubutu ya fito.

"Ta ce za ta aika saƙo zuwa wayar mai asusun," in ji Mukarrama. "Amma ta ɓoye lambar, taurari ne kawai. Biyun ƙarshe ta nuna. Kuma sai mun cika mata huɗun ƙarshe kafin ta aika."

"Karanta biyun."

"Shida da biyu."

Bilya ya ce tasa ba haka ta ƙare ba, ya nuna. Mukarrama ta duba ta Baffa Maiwada a wayarta, ba ita ba ce. Suka shiga lissafa samarin unguwa. Ba wanda ya lura Ashafa ya nemi wuri ya zauna a kan suri.

Masu boko suna ajiye mutum a waya da sunansa, daga nan lambarsa ta fita daga kansu. Mukarrama ta kira mahaifinta sau ba adadi, amma Baba take dannawa, ba ta taɓa kallon lambar ba. Ashafa kuwa bai iya karanta suna ba. In waya ta yi ƙara, wutsiyar lambar yake dubawa, yadda yake gane saniya da tabon kunne. Sha huɗu mai unguwa ne. Tamanin da tara dillalin Hunkuyi. Sittin da biyu kuwa, shekara da shekaru, duk asuba, ita ce take tashinsa da cewa, kai ɗan banza, har yanzu barci kake?

Sittin da biyu Jumare ne.

Kuma wayar Jumare tana wurinsa. Ranar da aka yi sadakar uku, dangi suka tattara ƙananan kayan mamaci, agogo, zobe, da 'yar wayarsa mai tocila, suka ɗaure a ƙyalle suka damƙa wa Ashafa, ya riƙe har ranar rabon gado, kamar yadda ake yi. Shi aka zaɓa domin shi ne wanda kowane ɓangare ya yarda da shi.

"Baba, lafiya?" in ji Mukarrama.

"Rufe ta. Ku sauka. Gobe da hantsi ina son kowa a zauren mahaifinki."

*

Duk hanya yana lallashin kansa. Lambobi nawa ne a duniya suke ƙarewa da sittin da biyu? Ai ba su ƙirguwa. Ya riƙe wannan tunanin kamar mai riƙe da igiyar da ya san ta ruɓe.

Ya shiga ɗakinsa, ya zaro mabuɗi daga cikin tsohon takalmin da yake ɓoye shi, ya buɗe akwatin ƙarfe. Ƙullin yana nan. Agogo, zobe, waya, duk suna nan. Sai dai shi ɗaurin makiyaya yake yi, wanda ake ja ɗaya ya warware, wannan kuwa an yi ƙoƙarin kwaikwayonsa an juya bakin ta hagu. Mutum ɗaya ya sani da yake juya shi ta hagu. Tun yana ƙarami yake gyara masa, har ya gaji ya bari.

Ya danna wayar. Ran da ya ajiye ta a mace take, ba caji ko ɗigo. Yanzu ta kawo haske tar.

Ya tuna yaron da yake goyawa a kafaɗa zuwa daji, yana nuna masa ƙasa. Ka ga nan? Ɓarawo mai wayo da baya yake shara. Wanda ya fi shi wayo kuma sai ya koro awaki. Yaron yana dariya, yana cewa, Baba, to ta yaya za ka kama shi? Shi kuma yana cewa, irin wannan sai Allah.

Matarsa Talatu ta leƙo ta ce tuwo yana hucewa. Ya ce ba ya jin yunwa. Ta tsaya tana kallonsa, ta kalli akwatin, ta saki labule.

Abu ne mai sauƙi. Rijiya tana bayan ɗaki. Waya ƙarama ce, ba za ta yi ƙara sosai ba in ta faɗa. Gobe sai ya ce sawu ya ɓace, ba yau ya fara ɓacewa ba. Bilya zai ci gaba da zama ɓarawo a bakin mutane, amma Bilya ba ɗansa ba ne. Wallahi ya yi wannan tunanin, ya daɗe yana yinsa, kada wani ya ce maka dattako yana hana zuciya saƙa mugun zare. Daga ƙarshe ya sa wayar da sauran kayan ƙullin a aljihu, ya fita alwalar magariba.

*

Zauren Jumare ya cika da hantsi. Mai unguwa Yahuza a kan kujera, Maiwada a gefensa cikin babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, Bilya a rakuɓe da kumburin fuska, 'yan sintiri biyu, da samarin da suka fasa rumfa, yanzu sun yi laƙwas. Zulaihatu tana bayan labule. Hamisu ya zo domin uban ya ce ya zo, ya tsaya daf da ƙofa, mabuɗin babur a hannu.

Da yake babu sabis ɗin intanet a ciki, Bilya ya ɗaure wayar Mukarrama a dogon gora aka ɗaga ta saman katanga don kwamfutar ta jona. Wani ya yi dariya, mai unguwa ya harare shi.

Ashafa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, jiya an daki yaron nan a banza. Bilya yana Makarfi. Maiwada yana Hunkuyi tare da kai. Wanda ya goge ƙarfen nan ya san inda ake rataye mabuɗin zaure, ya san lokacin da Mukarrama ta bar gari, ya san yadda ake ɓatar mini da sawu. Abu ɗaya ya ci shi. Ƙarfen ya nemi lambar waya, shi kuma bai son ya ba da tasa. Sai ya nemi layin da yake ganin ba mai tambayarsa, ba kuma mai amsawa."

Ya zaro 'yar wayar ya ajiye a tsakiyar tabarma. Mukarrama ta gane ta, ta toshe baki.

"'Yar nan, duba lambar mahaifinki a wayarki. Ba ta huɗun ƙarshe."

Aka sauko da goran, ta duba, ta rubuta, aka sake ɗagawa. Ta danna. Zauren ya yi tsit, har ana jin tattabaru a kan rufi.

Wayar mamaci ta yi ƙara.

Daga bayan labule aka ji salati, sannan kuka mara sauti, irin wanda ya fi na ihu ciwo. Zulaihatu ta san wannan ƙarar. A ƙarƙashin matashinsu take yinta.

Maiwada ne ya fara samun baki.

"To, jama'a, kun gani! Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wa aka ba ajiyar wayar nan? Ni aka ba?"

"Ni aka ba," in ji Ashafa. "Kuma amanar a hannuna ta lalace, ba zan musa ba. Amma kowa a nan ya san ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Mabuɗin akwatina mutum biyu suka san inda yake kwana." Bai juya ba. Ya kasa. Bango yake kallo da ya ce, "Hamisu, ajiye mabuɗin babur ɗin nan ka shigo."

Ba wanda ya motsa. Sannan aka ji mabuɗi ya faɗi ƙasa.

"Kai ne?" in ji mai unguwa.

Hamisu ya durƙusa. Bai yi gardama ba, da ma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Don me? Gidan da kake ci kake sha?"

"Baba Maiwada ya ce in magana ta mutu zai yankar mini gefen rafi in shuka rake."

"Ni?" Maiwada ya dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Yaro, ka ji tsoron Allah. A gaban wa na faɗa maka? Kawo shaida ɗaya."

Babu shaida. A bakin hanya aka yi maganar, a kan babur, iska tana ɗauka. Maiwada ya san da haka tun kafin ya buɗe baki ran nan. Kuma kowa a zauren ya san alƙali ba zai gina hukunci a kan bakin wanda ya amsa laifin cin amana ba.

Hamisu ya ɗago, a karon farko ya dubi ubansa.

"Baba, kai ka ƙare ƙuruciyarka kana nemo wa mutane nasu. Shanun wane, gonar wane. Mu me muke da shi? Ko kunyar noma ɗaya ba ka da ita da zan ce ta ubana ce. Na yi karatu, ina ɗaukar buhun taki a babur. Sai sannu da ƙoƙari ake mana."

Ashafa ya koma ya zauna. Da ƙarya yaron ya yi da ya sami abin faɗa.

Bilya ya ɗauki wayar mamacin ya karanta wa Mukarrama lambobin da suka shigo. Ta sa, ta zaɓi sabuwar lambar sirri. Kwamfutar ta buɗe, ta yi mata maraba kamar yau suka fara haɗuwa. Babu hotonta, babu karatunta, babu komai. Bilya ya shiga nan ya fita can, gumi yana zubo masa, yana neman abin da zai ceci mutanen da ba su cece shi ba jiya.

"Akwai gogewar da ake iya tono wani abu," ya ce a hankali. "Wannan ba ita ya zaɓa ba. Ya zaɓi mai wanke har ƙasa. Ya iya aikinsa."

Maiwada ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ce Allah ya kyauta, Allah ya shirya mana zuri'a, sai mun haɗu gaban alƙali. Ya sa takalmi a nutse. Ba wanda ya tare shi, domin ba abin tare shi da shi.

'Yan sintiri suka kama hannun Hamisu. Sai muryar Zulaihatu ta fito, ta daina kukan.

"Ku dakata. Hamisu."

"Na'am, Inna."

"Kafin ka goge, ka kalla?"

Ya sunkuyar da kai. "Na kalla."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"To ni ban kalla ba. Tun da ya rasu Mukarrama take cewa in zo in ga, ina cewa bari in fita takaba, zuciyata ta yi ƙwari. Nan kaɗai muryarsa ta rage. Fadama, in Allah ya ce tamu ce, tamu ce, in ya ce ba tamu ba, shi ke nan. Amma an ce bayan an gama zagaye ya juyo ya yi magana. Mukarrama ta ƙi faɗa mini, wai sai na ji da kunnena. Kai ne na ƙarshe da ya ji. Faɗa mini me ya ce."

Hamisu ya kawar da kai. Mukarrama ta kifa kai a kan gwiwa.

"Faɗa mata," in ji Ashafa.

Muryar yaron ta fito da ƙyar.

"Ya yi dariya. Ya ce, ke Zulai, in na tafi kada ki damu. Ko duk garin nan sun juya miki baya, gidan Ashafa yana nan. Ba abin da zai same ku ta wannan ƙofar."

Labulen bai motsa ba. Daga bayansa Zulaihatu ta ce, "Na gode. Ku tafi da shi."

Zaure ya watse a hankali, kowa yana kauce wa idon kowa. Ashafa ya tsuguna ya ɗauki wayar Jumare, ya ciro agogon da zoben daga aljihu, ya ɗaure su a ƙyallen da ɗaurinsa na makiyaya, ya ajiye a gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a nemi wani ya riƙe."

Ya fita. A ƙofar gida ƙasa ta ɗauki sawun kowa sabo fil. Ga na Maiwada, mai faɗi, a nutse, ya nufi hanyar fadama. Ga na Hamisu tsakanin takalman 'yan sintiri, yana ɗan taka gefen ƙafar dama, daidai yadda ubansa yake takawa. Duk rayuwarsa Ashafa bai taɓa tsayawa a kan sawu biyu ya rasa wanda zai bi ba sai yau.